Saura sati biyar bikina, wace waƙa zan shigo da ita kuma ya ake tsara kiɗan?

Amaryar gobe:

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema a wajen waɗanda suka riga mu shiga, ko waɗanda suka san harkar sauti. Bikina saura sati biyar, komai ya fara daidaita alhamdulillah, maganar kiɗa ce kawai ta tsaya min a rai. Mun samu mai saka kiɗa, wato dije, na tambaye shi me da me zai saka sai yace wai in kwantar da hankalina ya san aikinsa, ni kuma wallahi hankalin nawa ya ƙi kwanciya, saboda bara na je bikin wata ƙawata, suna shigowa ita da ango aka saka waƙar da ita kanta bata taɓa ji ba, ina kallon fuskarta a lokacin, murmushi take amma na san ba haka ta so ba, kuma har yau in aka kunna bidiyon sai ta rage murya in an zo daidai wurin.

To ga tawa matsalar. Akwai wata waƙa da ni da angona muke so tun farkon haɗuwarmu, duk lokacin da na ji ta shi nake tunawa, kuma tun kafin a sa rana na gama yanke cewa da ita zamu shigo. Shekaranjiya na zauna na saurare ta a nutse tun daga farko har ƙarshe, ashe baiti na biyu da na uku duk maganar rabuwa ce, mawaƙin yana cewa ta tafi ta bar shi, ni amshin kawai na haddace duk shekarun nan. Angon yace ba komai tunda mu mun san abin da take nufi a wajenmu. Yayata tace kar in kuskura. Ga kakata zata zo, ga iyayensa mutane ne masu son natsuwa, ga ƙawayena su kuma rawa suke so. Waƙa nawa ma ake zaɓa? Ni zan zaɓa duka ko in bar wa dije? Kaina ya ɗaure dan Allah.

Tsohon mai sauti:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Na daɗe ina wannan sana'ar kafin in koma wata, bari in gaya miki yadda take daga ciki.

Ba sai kin zaɓi waƙa hamsin ba. In taron awa uku ne, ki cire jawabai da addu'a da ɗaukar hoto, da ƙyar kiɗa zai ci awa biyu, waƙa kuma in an bar ta ta ƙare minti huɗu ce zuwa biyar, kinga kamar 12 zuwa 15 kenan a awa ɗaya, kuma yawancinsu ba wanda zai tuna su washegari. Waɗanda ake tunawa basu wuce uku ko huɗu ba, ta shigowa, ta lokacin da aka tsaya ana kallonku ku biyu, da ta fita. Waɗannan ke da angonki zaku zaɓa da kanku, ba dije ba, ba ƙawa ba. Sauran ki bar masa, shi ke kallon jama'a, shi zai ga lokacin da wuri yayi sanyi da lokacin da ya kamata a sassauta, kuma in kika ɗaure shi da jeri mai tsawo kin kashe masa hannu. Amma akwai takarda ɗaya da ta fi jerin waɗanda kike so muhimmanci, ita ce ta waɗanda BA kya so. Ki rubuta su, ki ba shi a hannu, ki gaya masa ko wa ya zo ya roƙa kar ya saka, domin a wurin biki kowa zuwa yake yi ya raɗa wa dije a kunne a saka masa tasa, kuma in ba a ba shi umarni ba kunya zata sa ya saka.

Yanzu maganar shigowa, anan ne mutane suka fi kuskure kuma ba a zaɓen waƙar bane, a lissafin lokaci ne. Ki je wurin da za ayi taron, ki tsaya a bakin ƙofa, ki kunna agogon wayarki, ki taka a hankali irin takun da zaki yi ranar har zuwa kujera. Zaki sha mamaki, sau da yawa bai kai minti ɗaya da rabi ba. Mita 30 in kina yin rabin mita a daƙiƙa minti ɗaya ce cif. To waƙoƙi da yawa sai sun ci daƙiƙa 30 ko 40 ana kiɗa zalla kafin murya ta shigo, ma'ana kina kai wa kujera kenan wurin da kike so yake farawa, ko ma ki zauna bai zo ba. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Saboda haka abin da ake zaɓa ba waƙa bace sukutum, yanki ne, daga daƙiƙa kaza zuwa daƙiƙa kaza, a yanke shi tun a gida a kwamfuta, ƙarshen a sa sauti ya riƙa sauka a hankali kar a datse shi kamar an ɗauke wuta. Kuma wannan ya taɓa matsalarki kai tsaye, in amshin ne kike so kuma amshin ba maganar rabuwa a cikinsa, wataƙila baki ma buƙatar baitocin.

Sai ki duba saurin bugun. Ƙafa bin kiɗa take ko mutum bai so ba. Ki kunna waƙar ki ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ki ninka sau huɗu. In ya faɗo tsakanin 60 da 80 a minti to takun natsuwa ne, in ya haura 110 zuwa 130 wannan na rawa ne, ko ki shigo da rawa ko ki riƙa taku ɗaya duk bugu biyu, amma a gwada da takalmin ranar da kaya masu nauyi irin na ranar.

Abu na ƙarshe, kuma dan Allah kar ki raina shi. Kar a dogara da intanet, kar a dogara da waya ta Bluetooth, nisanta bai wuce kamar mita 10 ba kuma in mutane suka cika tsakani sai ta fara yankewa. A saka waƙoƙin a filas guda biyu, ɗaya wajen dije ɗaya wajen wani naki da kika yarda da shi, a sa musu lamba 01, 02, 03 a gaban suna. Wasu sifiku basa karanta filas sai an tsara shi a kwamfuta da wani tsari da ake kira FAT32, to a gwada a kan na'urar da za ayi aiki da ita. A duba ingancin fayil ɗin ma, MP3 mai lambar inganci 320 yana cin kamar megabait biyu da rabi a minti, mai 128 kamar ɗaya, in kika ga waƙar minti huɗu bata kai megabait biyu ba to an matse ta, a waya zata yi daɗi amma a babbar sifika kamar ana soya abu zaki ji.

Shi kuma dijen naki da yace ki kwantar da hankali, ba lallai mugun nufi bane, haka muke cewa. Ki ce masa kina so ku zauna na rabin awa. Mai aikin kirki zai ji daɗi.

Maman biyu:

Amarya Allah ya sa ayi damu. Ni dai yayarki nake goyon baya, kuma bari in gaya miki dalili da abin da ya faru da ni.

A nawa bikin waƙar shigowa lafiya lau, matsalar daga baya ta zo. Ana cikin rawa mai kiɗan ya saka wata waƙa da ake yayi a lokacin, kiɗanta daɗi, kowa ya tashi, ashe cike take da habaici, irin na maƙiya sun ji kunya, masu cewa ba za ayi ba gashi anyi. To dama an ɗan samu saɓani da wata gwaggon mijina kafin biki, ba wani babban abu ba, har an wuce wurin. Baiwar Allah tana zaune ta ji wannan baitin, ta ga ƙawayena suna rawa suna ɗaga hannu, sai ta ɗauka da ita ake kuma ni na sa a saka. Ta ɗauki jakarta ta fita. Wallahi ban ma san an saka waƙar ba, ina can ana min hoto. Sai da na yi kusan shekara ina bin matar nan da gaisuwa kafin ta saki jiki da ni, kuma mutuniyar kirki ce, yanzu ita ke riƙe min yara in zan fita.

Shi yasa nake cewa matasa kiɗa suke ji, manya kuma magana suke ji. Ke amshi kika haddace, amma kakarki da surukarki suna zaune ba rawa suke ba, kunnensu na kan kowace kalma. In ma an yanke baitin rabuwar, duk wanda ya san waƙar zai ƙarasa ta a zuciyarsa, kuma za a samu mai cewa wai da waƙar rabuwa aka shigo da amarya. Waƙar taku ce, ba wanda zai ƙwace muku ita, ku ji abarku a mota ko a gida. A takardar da malam na sama yace ki rubuta, ki sa duk wata waƙar habaici da zambo da mai kalaman da ba za ki iya maimaitawa a gaban mahaifinki ba, har da na yaren da ba kwa ji, a nemi wanda ya iya ya fassara, domin a cikin baƙi ba a rasa mai ji.

Mai son kiɗan da:

Anti Maman biyu na fahimce ki kuma labarinki ya taɓa ni, amma a ganina habaici daban, waƙar baƙin ciki daban. Habaici wani yake soka, ita kuwa wannan ba ta taɓa kowa ba. Kuma ma'anar kiɗa tana canzawa da yadda mutane suka riƙe shi. Misali kiɗan nan da ake ji a finafinan Turawa in amarya zata shigo, daga wani wasan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, na mai tsara kiɗa Bajamushe Wagner aka ciro shi, wanda aka fara nunawa a 1850, kuma a cikin labarin auren bai ma kwana lafiya ba, a daren aka samu matsala aka rabu. Amma yau miliyoyin mutane in suka ji shi farin ciki suke tunawa. Abin da ya taimake shi shine yawanci ba a rera kalmomin, kiɗan kawai ake bugawa.

To 'yar'uwa me zai hana ki bi wannan hanyar? A nemo kiɗan waƙar zalla babu murya, ko a samu mai piyano ko mai jita ko mai busa ya buga muku ita a hankali. Ke da angonki kun san me kuke ji, kaka kuma kiɗa mai taushi kawai zata ji. In ma makaɗi ne a wurin da kansa ya fi, domin yana kallon takunku, in an tsaya gyara riga zai ja, in kun iso zai sauke a daidai, abin da fayil ba zai iya ba. Sai dai shi ma a ba shi waƙar da wuri ya koya, kuma ya zo a gwada sauti kafin baƙi su fara shigowa.

Ma'aikaciyar jinya:

Allah ya ba da zaman lafiya ƙanwata. Kowa yayi maganar wace waƙa, ni maganar ƙara zan yi domin ita ce ke damuna a kowane biki, kuma tunda kin ambaci kakarki nace bari in sa baki.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti, hirar mutum biyu kamar desibel 60 ce. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shine desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin rabewa yake biyu, 88 awa huɗu, 91 awa biyu, in aka kai 100 minti 15 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren taro da kiɗa cewa matsakaicin sauti kar ya wuce desibel 100, kuma wannan iyaka ce ta ƙarshe ba wai abin da za a nema a kai ba. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu kama da gashi in suka mutu basa dawowa. Wannan ƙugin da mutum ke ji a kunne bayan ya dawo daga biki ba gajiya bace, kunne ne ya wahala. Kuma abin da ke ban tausayi, mata ne da jarirai a goye ake zaunar da su gab da sifika saboda nan ne kujeru suka rage, jariri ba zai ce komai ba sai kuka, a ce rigima ce.

Ba sai kin sayi na'ura ba. A sa mutum biyu su tsaya a tsakiyar wurin, tazarar hannu ɗaya tsakaninsu, in sai sun ɗaga murya kafin su ji juna to sautin yayi yawa. Manya da masu jarirai a zaunar da su nesa kuma ba a saitin bakin sifika ba, a fili in aka ninka nisa sauti na sauka da kamar desibel 6, a cikin ɗaki bai kai haka ba saboda bango na mayar da shi. Lokacin da mutane ke zaune suna gaisawa a sa kiɗa can ƙasa, 'yan'uwa ne da suka shekara basu haɗu ba, hira suka zo yi. Kuma ki wakilta mutum ɗaya mai faɗa a ji, ƙaninki ko wani kawu, wanda dije ya san in yace a rage to a rage, domin ke a ranar ba za ki samu sukunin wannan ba.

Ango sabon shiga:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne. Ƙari ɗaya, ki tambayi angon da gaske me yake so, kar ya zama ba komai ɗin nan na kawaici ne. Ni sai bayan biki matata ta san akwai waƙar da mahaifiyata marigayiya take so da na so a saka ko na minti ɗaya ne, ban faɗa ba don kar in ƙara mata damuwa, ita kuma har kuka tayi da ta ji. Sannan a tambayi masu wurin taron ƙarfe nawa suke kashe sauti, kuma in akwai ɓangaren da za ayi a wurin ibada ko a gaban dangin da basa son kiɗa sam, a san wannan tun yanzu a girmama shi.

Mai ɗaukar bidiyo:

Daga ɓangarenmu, in kuna da niyyar ɗora bidiyon a YouTube ko Facebook ko haska shi kai tsaye saboda 'yan'uwa na nesa, ku sani suna da na'urar da ke gane waƙar da ke da haƙƙin mallaka, wani lokaci a kashe muryar wurin, wani lokaci a toshe bidiyon a wasu ƙasashe. Kuma dan Allah a haɗa mu da dije da emsi, wato mai gabatar da taro, kafin ranar, mu san alamar da za a bayar kafin a buɗe ƙofa. Sau da yawa emsi na tsaka da surutu a kan waƙar shigowa, yana kiran sunaye, daga baya a ce mu cire muryarsa, kuma da wuya ta ciru tunda a haɗe aka ɗauka. A gaya masa in amarya ta sako ƙafa yayi shiru na minti ɗaya. Kuma kar ya riƙa tsayawa da makirfo a gaban sifika, shi ke jawo wannan ƙarar mai tsinka kunne.

Amaryar gobe:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka muku da alheri, Allah ya bar zumunci. Jiya da yamma na je wurin da ƙanina, na taka da takalmin, daƙiƙa 70 ne daga ƙofa zuwa kujera, ni da nake zaton zai kai minti uku. Na ƙirga bugun waƙar kuma 76 na samu, kenan tayi daidai da taku. Anti Maman biyu maganarki ta shige ni sosai, na karanta wa yayata har tace kin ji ko, mun rubuta takardar waɗanda ba ma so, guda tara ne zuwa yanzu kuma shida duk na habaici ne. Amma ban iya haƙura da waƙar gaba ɗaya ba, mun tsaya a kan kiɗanta zalla babu murya kamar yadda ɗan'uwa ya kawo, akwai wani mai buga piyano yace zai gwada ya turo mana mu ji, in bai yi daɗi ba sai mu canza tunda akwai lokaci. Na kuma tambaye shi angon kamar yadda aka ce, yayi shiru can sai yace akwai wata tsohuwar waƙa da babansa ke sakawa suna yara, ita zamu sa a fita. Kaka kuma an ware mata kujera ta can gefe kusa da taga.

Saura tambaya ɗaya yaya mai sauti, mu da ƙawaye da abokan ango duk kiɗa ɗaya zamu shigo da shi ko a raba? Su mutum goma sha biyu ne.

Tsohon mai sauti:

A raba ƙanwata. Su shigo da nasu mai ɗan motsi, biyu biyu, a auna nasu lokacin shi ma domin mutum goma sha biyu zasu ci kusan minti biyu. In na ƙarshe ya tsaya a wurinsa sai dije ya sauke sauti gaba ɗaya, ayi shiru na kamar daƙiƙa biyar, a nan ne kowa zai juyo ya kalli ƙofa, sannan piyano ya fara. Ki ce wa mai piyanon ya shirya na daƙiƙa 90 ba 70 ba, ranar riga zata fi nauyi kuma masu hoto zasu tsayar da ku a hanya.